Wa zai ɗauki alhakin abin da mai talla ya faɗa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan sana'ar da nake koyo, wato sana'ar talla, domin akwai abin da ya tsaya mini a rai tun bara, kuma ban ga dacewar in kammala karatu in shiga cikinta ba tare da na amayar da shi ba. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na sashen koyon aikin jarida da sadarwa a ɗaya daga cikin jami'o'inmu, kuma kamar sauran 'yan ajinmu, an tura ni na yi 'yan watanni ina koyon aiki a wani ƙaramin kamfani mai shirya tallace-tallace don gidajen rediyo da shafukan sada zumunta.

Wata ranar Talata shugaban sashenmu ya miƙo mini takarda, ya ce in rubuta tallar minti ɗaya ta wani maganin gargajiya kafin la'asar. A jikin takardar mai maganin ya jera abubuwan da yake so a ce maganinsa yana warkarwa: ciwon suga, hawan jini, gyambon ciki, basir, sanyi, da zazzaɓin taifod, duka a kwalba guda. Ya kuma ja layi a ƙarƙashin wata jimla da ya ce lallai ta fito, cewa wanda ya sha kwalba uku ya rabu da zuwa asibiti. Na zauna na rubuta, kuma na saka duk ƙwarewar da aka koya mini. Da aka zo wajen shaidar waɗanda suka sha suka warke, ba a nemo kowa ba. Ni na ƙaga maganar wata mata da ta shekara goma tana fama da suga, aka kira sakatariyar ofis ta karanta a gaban makirufo, aka sa ta maimaita har sau huɗu don muryarta ta yi rawa kamar ta mai shirin kuka. Bayan kusan mako uku ina cikin Adaidaita Sahu sai ga tallar a rediyon direba. Wani dattijo da ke zaune kusa da ni, riƙe da ledar magungunan asibiti a cinyarsa, ya ce wa direban, "Ɗana, ƙaro mana murya." Da aka zo kan lambar waya ya zaro biro daga aljihun gaba ya miƙo mini, ya buɗe tafin hannunsa ya ce in taimaka in rubuta masa, domin idonsa ba ya gani sosai. Na rubuta masa lambar a tafin hannu, bakina ya yi nauyi na kasa cewa komai, ya yi mini addu'a ya sauka. Har yau ban daina tunanin ko ya ajiye maganin likitansa saboda kalmomin da ni na tsara ba.

Wannan abu ne ya sa na koma na sake duban darasin da aka fi nanata mana a aji, wato darasin gina suna da tambarin haja. An koya mana cewa ƙololuwar nasara ita ce sunan kamfani ya zama sunan abin da kansa, kuma ba sai mun je nesa neman misali ba, domin harshenmu cike yake da su. Uwa za ta aiki yaro ya sayo omo, ko da garin sabulun wani kamfani ne zai kawo. Kowane ɗanɗanon miya magi ne, kowane man goge baki makilin ne, ganyen shayi lifton ne, man shafawa basilin ne, taliyar yara kuma indomi ce. Mai miya a ƙauye ba ta san cewa Maggi sunan wani mutumin Suwizalan ne da ya kafa kamfaninsa a ƙarni na 19, kafin Nestlé ya mallake shi a 1947 ba, kuma ba ta da buƙatar sani. Abin da ta sani shi ne ta saya jiya ta ga daidai, ta saya yau ta ga daidai, saboda haka gobe ba za ta tsaya bincike ba. A nan ne na fahimci cewa tambari amana ce da mai saye ya danƙa don ya huta da bincike, kuma duk wanda ya yi wasa da tambari, da wannan hutun ya yi wasa. Duk wanda ya taɓa raka iyayensa mata sayen kayan lefe a Kantin Kwari ya ga yadda ake juya bakin atamfa ana duba rubutun da ke jiki, ana murza ta a yatsa, ana tambayar mai shago ya faɗi tsakaninsa da Allah ko ta ainihi ce ko kwafi, saboda an kai matsayin da hatimin kamfani shi kaɗai ba ya wadatarwa.

Kakanninmu ba su karanta wannan a jami'a ba, amma sun gina kasuwanci a kansa ɗaruruwan shekaru. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da aka kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, baƙon da ya zo da haja yana sauka ne wajen fatoma, ciniki kuma yana bi ta hannun dillali. Dillali mai talla ne, yana koɗa haja yana zuzuta ta, amma la'adar da yake karɓa ba ladan zaƙin baki kaɗai ba ce. Idan saniyar da ya sayar ta zama ta sata, ko aka gano tana da ciwon da aka ɓoye, wurinsa za a dawo, domin an san rumfarsa, an san gidansa, an san masallacin da yake salla. Bakin da ya yabi hajar shi ne wuyan da za a kama. Ina ganin duk tarihin sauyin kafofin talla a ƙasar nan ana iya karanta shi a matsayin tarihin yadda bakin da wuyan suka yi ta nesa da juna.

Lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a watan Janairun 1939, talla a rubuce take, a filin da kowa ya san nata ne, kuma akwai edita a tsakaninta da mai karatu. Rediyo ya zo ya shigar da ita cikin ɗaki da gona da tasha, ya kai ta ga wanda bai iya karatu ba. Shekaru da yawa gidajen rediyon na gwamnati ne, sai a 1992 aka buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, aka kafa hukumar NBC don sa ido a kan gidajen rediyo da talabijin, kuma a Kano mun ga tasirin hakan sosai daga 2003 da Freedom Radio ta fara aiki, wasu tashoshin suka biyo baya. Alherin da wannan ya kawo ba ya ɓoyuwa, domin talaka ya sami bakin magana. Sai dai tasha mai zaman kanta da kuɗin talla take sayen man janareta ta biya albashi, kuma daga nan aka fara sayar da fili sukutum, rabin awa ko awa guda, inda mai gabatarwa da jama'a suka saba jin labarai daga bakinsa zai zauna yana yi wa mai magani tambayoyi kamar hira ce ta ilimantarwa, alhali kowace tambaya an biya kuɗinta. Mai sauraro bai san inda labari ya ƙare talla ta fara ba.

Wayar salula ta shigo a 2001, bayan wasu shekaru kuma intanet ta sauka a tafin hannun kowa, sai ƙofar ta fita gaba ɗaya daga ƙyaurenta. Yau wanda yake da mabiya dubu ɗari a TikTok ko Facebook ya fi wata tashar masu sauraro, kuma babu edita, babu manajan talla, babu wanda zai ce masa a kawo shaida. Jarumar da mata suke ƙauna za ta ɗaga kwalbar man shafawa ta ce wannan ne sirrin fatarta, ba za ta ce an biya ta ba, ba za ta ce hasken fitila da manhajar gyaran hoto ne suka yi rabin aikin ba, ba kuma za ta san ko an zuba wa man sinadaran da likitocin fata suka daɗe suna gargaɗi a kansu ba, irin waɗanda ke sa fata ta yi sirara ta tsattsage. Idan abin ya ɓaci, sai a goge bidiyon, a rufe lambar waya, mai haja ya sake suna ya buɗe sabon shafi. Yarinyar da fuskarta ta ƙone ba ta da rumfar da za ta koma.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na zauna da wani malamin fiƙihu a unguwarmu shi ne yadda addininmu ya riga ya ambaci waɗannan dabaru da sunayensu. Kowa ya san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya barranta daga mai algus. Amma malamin ya tuna mini da wani hanin da ban taɓa haɗa shi da karatuna ba, wato najashu: mutum ya tsaya yana taya haja yana ƙara kuɗi, ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi na gefe. Ban ga bambanci tsakanin wannan da sayen mabiyan bogi, ko biyan samari su cika ƙasan bidiyo da "na gwada, wallahi yana aiki", ko abin da na sa sakatariyarmu ta karanta ba. Haka kuma an gargaɗe mu cewa rantsuwa tana sayar da haja amma tana shafe albarka, ga shi kuwa da wuya ka ji tallar magani ta minti ɗaya da ba a ambaci sunan Allah a cikinta don a ɗaure zuciyar mai sauraro ba. Wannan ne ya fi yi mini ciwo, domin dattijon nan na cikin Adaidaita Sahu ya yarda ne saboda ya ji an fara da bisimilla.

Kada a ɗauka matsalar ta ƙananan masu haja ce kawai. A shekarun 1970 an zargi manyan kamfanonin madarar jarirai, musamman Nestlé, da tallata madarar gwangwani ga iyaye mata a ƙasashe matalauta, har da amfani da mata masu talla sanye da tufafi irin na ma'aikatan jinya da rabon madara kyauta a asibitoci. Uwa ta fara ba da madarar, nononta ya janye, kuɗin saye ya gagara, sai ta riƙa tsinka ta da ruwa mai yawa, ruwan kuma ba mai tsabta ba, jariri ya kamu da gudawa da tamowa. Madarar ba guba ba ce, kuma mai yiwuwa ba a faɗi ƙarya ƙarara a allon talla ba. An dai ari rigar da mutane suka amince da ita, aka yi shiru a kan abin da ya kamata a faɗa. An fara ƙaurace wa kayan kamfanin a Amurka a 1977, sannan a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙa'idar tallata abincin da ke maye gurbin nonon uwa, da ƙuri'un ƙasashe 118, Amurka kaɗai ta ƙi. A ɗaya gefen kuma ana koya mana labarin maganin rage ciwo mai suna Tylenol na 1982, lokacin da mutum bakwai suka mutu a yankin Chicago bayan wani ya zuba guba a cikin ƙwayoyin maganin. Laifin ba daga masana'anta ya fito ba, amma kamfanin Johnson & Johnson ya janye kwalabe kusan miliyan 31 daga kasuwa, ya fito ya gaya wa jama'a su daina sha, ya yi asarar kusan dala miliyan 100, kuma sunan maganin ya farfaɗo. A aji an gabatar mana da wannan a matsayin dabarar ceto suna, ni kuwa abin da na gani a ciki shi ne halin dillalin kirki da ya tsaya aka dawo masa da haja ya karɓa.

Game da doka, akwai ta. A watan Agustan 2022 aka maye gurbin tsohuwar hukumar kula da harkar talla, APCON, wadda aka kafa a 1988, da ARCON mai ƙarin iko, kuma ƙa'idarta ita ce a tantance talla kafin a fitar da ita, har da wadda masu faɗa a ji a shafukan sada zumunta suke yi. A watan Oktoban 2022 ta kai kamfanin Meta, mai Facebook, kotu tana neman naira biliyan 30 saboda tallace-tallacen da ba a tantance ba. Hukumar NAFDAC, da aka kafa a 1993, ita ma tana buƙatar a nemi izininta kafin a tallata magani. To amma ga inda gizo ke saƙar. Lambar da NAFDAC take bai wa yawancin magungunan gargajiya, mai ƙarewa da harafin L, shaida ce cewa an duba an ga maganin ba ya cutarwa, ba shaida ce cewa yana warkarwa ba, shi ya sa ake wajabta rubuta a jikin kwalba cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin mai maganin ba. Wannan gargaɗi da Turanci yake, da ƙananan haruffa, a bayan kwalba. Tallar kuwa da Hausa take, da babbar murya, da kiɗa, kuma a cikinta ana cewa "NAFDAC ta amince da shi". Alƙawari yana zuwa wa mutum da harshen uwarsa, gargaɗi kuma da harshen da bai iya ba. Ni a ganina wannan shi ne babban zaluncin da ake yi wa mai saye Bahaushe, kuma gyaransa ba ya buƙatar sabuwar doka, sai dai a tilasta faɗin gargaɗin da Hausa, da murya ɗaya da ta alƙawarin, a cikin tallar kanta.

A Amurka, a watan Oktoban 2022, hukumar kula da hannun jari ta sa fitacciyar tauraruwar talabijin Kim Kardashian ta biya dala miliyan 1.26 saboda ta tallata wani kuɗin intanet ba tare da ta bayyana cewa an biya ta dala 250,000 ba. Mu kuwa mun ga MMM, tsarin zuba kuɗi mai alƙawarin riba mai yawa, ya rufe da kuɗin mutane a watan Disambar 2016, mun ga CBEX ya yi haka a watan Afrilun 2025, kuma irin waɗannan tsare-tsare ba allon kan titi ne yake yaɗa su ba, bakin aboki ne da ɗan uwa da wanda ake bi a waya, kowa yana cin kamasho a kan wanda ya jawo. Da wuya ka ji wanda ya ara musu fuskarsa ya fito ya ba da haƙuri.

Ba na son a fahimce ni a matsayin mai ƙin talla, domin da ita nake fatan ci da kaina. Lokacin da Cowbell ya shigo da madarar gari a ƙananan ƙulli a 1993, ya kai madara teburin mai shayi da gidan da ba zai iya sayen gwangwani ba, kuma wannan ma aikin masana kasuwa ne. Yayata tana sayar da turaren wuta da humra daga cikin ɗakinta ta hanyar WhatsApp, ba ta taɓa biyan ko sisi don talla ba, da ribar take taimaka wa mijinta da kuɗin makarantar yara. Na taɓa ganin ta mayar wa wata mata kuɗinta saboda kwalbar humra ta yi yoyo a hanya, da na ce ai laifin mai kai saƙo ne, sai ta ce, "Ƙanena, ita sunana ta sani, ba ta san nasa ba." Waya ta buɗe wa dubban mata irinta kasuwar da a da sai sun ɗora wa 'ya'yansu faranti a ka kafin su same ta. Na kuma san uzurin da ake kawowa, domin da na koma wurin shugaban sashenmu na gaya masa abin da ya faru, bai yi fushi ba, ya ce idan mun ƙi karɓar aikin, kamfanin da ke bayan layi zai karɓa, ga haya ga albashi. Gaskiya ya faɗa, kuma saboda gaskiyar tasa ne nake ganin ba za a bar wa mutum ɗaya nauyin ƙin karɓa ba. Sai ƙa'ida ta hau kan kowa lokaci guda, mai gaskiya zai daina zama shi ne mai asara.

Saboda haka ina roƙon shugabannin gidajen rediyonmu su riƙa sanarwa a farkon kowane fili da tsakiyarsa cewa saye aka yi, kuma su hana masu karanta labarai ara wa masu magani muryarsu. Ina roƙon jarumai da mawaƙa da masu mabiya a waya su riƙa faɗa da bakinsu, da Hausa, cewa an biya su, kuma kada su ce sun yi amfani da abin da ba su taɓa buɗewa ba. Malamanmu na jami'a kuma, waɗanda nake girmamawa, ina ganin darasin ɗa'ar aiki ya fi ƙarfin zango guda da misalan ƙasashen waje. A kawo mana tallace-tallacen da muke ji a tashoshinmu mu feɗe su a aji, jimla bayan jimla, mu ga inda aka ƙetare iyaka.

Kai kuma, ya Edita, buƙatata gare ka biyu ce. Ta farko, duk rubutun da aka biya kuɗi aka buga a wannan jarida ko a shafinta na intanet, a rubuta "Talla" a samansa da haruffan da mai raunin gani zai iya karantawa. Ta biyu, a ware ɗan fili, ko sau ɗaya a wata, a gayyato likita ko masanin haɗa magunguna ya yi bayani da Hausa a kan ma'anar lambar da ke jikin kwalba, da cututtukan da ake lallaɓa su har ƙarshen rayuwa kamar suga da hawan jini, da inda mutum zai kai ƙara idan an yaudare shi. Idan an buɗe filin, ni da wasu 'yan ajinmu a shirye muke mu riƙa tattaro tallace-tallacen da ake yi a rediyo da waya muna kawowa a duba, kuma ta farko da zan kawo ita ce wadda na rubuta da hannuna.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Ɗalibin aikin jarida da sadarwa,
Kano.